Yadda Ake Lissafa Filin Jikin Abu Mai Haɗaɗɗiyar Siffa

A littafin lissafi ne kaɗai za ka ga silinda ita kaɗai, ko dala ita kaɗai, kowace a shafinta da ƙa'idarta. Da ka fita ƙofar gida sai ka tarar komai a haɗe yake. Rumbu ganga ce da aka ɗora wa jinka. Masallaci mai kubba akwati ne da aka kifa wa ƙwarya. Tukunyar gas silinda ce mai kai kamar rabin ƙwallo. Mai fenti da mai walda da magini kullum da irin waɗannan suke fama, ɗalibi kuma yana haɗuwa da su a jarrabawar WAEC da NECO, ko BEPC a Nijar.

Na daɗe ina koyar da wannan darasi, kuma abin da na lura da shi shi ne yara ba sa faɗuwa saboda rashin haddace ƙa'ida. Da yawansu sun haddace ta tsaf. Inda suke tuntuɓe shi ne wurin tantance fuskar da za a ƙirga da wadda za a bari. Saboda haka tun daga nan ka riƙe tambaya ɗaya, da ita za mu yi aiki har ƙarshe: in aka ba ka buroshi aka ce ka shafe abin nan da fenti, ina da ina buroshin zai iya taɓawa? Duk inda zai taɓa, ƙirga shi. Inda ya ɓuya tsakanin ɓangare biyu da suka manne, ba ruwanka da shi.

Jimillar wuraren da buroshin zai taɓa ita nake kira filin jiki. Ana auna ta da murabba'in mita, abin da magina ke kira sukwaya mita, ko da murabba'in santimita idan abin ƙarami ne. Kada ka haɗa ta da yawan abin da mazubi zai ci. Ruwan da tanki zai ɗauka lissafi ne daban, ƙarfen da aka ƙera tankin da shi kuma shi ne namu.

Kayan aiki

Ga 'yan ƙa'idodin da ba makawa sai da su. Harafin r yana nufin rabin faɗin da'ira, wato daga tsakiya zuwa baki. Harafin h tsayi ne a miƙe daga ƙasa zuwa sama. Harafin l kuma tsayin gangare ne, kamar in tururuwa ta hau jinka daga baki zuwa ƙololuwa. Alamar π, da ake kira fai, za mu ɗauke ta a matsayin 22/7.

Fuska mai kusurwa huɗu irin ta ƙofa: tsawo × faɗi.
Alwatika: ½ × gindi × tsayi.
Da'ira: πr².
Bangon silinda, ban da murfi da gindi: 2πrh.
Jikin jinka ko mazurari, ban da da'irar gindi: πrl.
Ƙwallo cikakkiya: 4πr². Rabin ƙwallo, bayanta kawai: 2πr².

Ka lura na raba bango da murfi. Da gangan na yi. Littafi zai ba ka ƙa'idar silinda gaba ɗaya, 2πrh + 2πr², kuma daidai ce ga gwangwanin da ba a buɗe ba. Amma a haɗaɗɗiyar siffa kusan kullum murfi ɗaya ko duka biyun sun ɓuya, sai ƙa'idar dunƙule ta jefa ka rami. Gara ka san kowace fuska da nata.

Idan 2πrh tana yi maka wuyar zama a ka, nemi gwangwanin madara mai takarda a jiki. Sa reza ka tsaga takardar daga sama zuwa ƙasa, ka ɓare ta a hankali, ka shimfiɗa a kan tebur. Abin da ke gabanka takarda ce mai kusurwa huɗu. Tsayinta tsayin gwangwanin ne, tsawonta kuma kewayen bakin gwangwanin ne, wato 2πr. Tsawo sau tsayi, shi ke nan. Yaron da ya ɓare takardar nan da hannunsa ba ya sake mantawa.

Matakan aikin

Da farko zana abin, ko da zanen bai yi kyau ba, ka rubuta kowane awo a inda yake. Sannan ka rarraba shi a zuci zuwa siffofin da ka sani. Na uku, kuma nan ne zuciyar aikin, ka jera fuskokin ɗaya bayan ɗaya a gefen takarda, ka sa wa kowace alama: a fili take, a ɓoye take, ko wani sashenta ne kawai ya ɓuya. Na huɗu ka nemo awon da ba a ba ka ba, wanda galibi tsayin gangare ne. Sai ka lissafa kowace fuska, ka tara, ka rubuta ma'auni a ƙarshen amsa.

Kafin ka fara ninkawa ka tabbata duk awon da ma'auni ɗaya yake. In tsayi yana mita faɗi kuma yana santimita, mayar da su abu guda tukuna.

Akwati a kan akwati

Mu fara da mafi sauƙi. Ga dakali na siminti, tsawonsa mita 3, faɗinsa mita 2, tsayinsa mita 1. A kansa an gina wani dunƙule mai mita 1 ta kowane gefe.

Dakalin ƙasa yana da fuska shida. Sama da ƙasa 3 × 2 = 6 kowace, gaba da baya 3 × 1 = 3 kowace, gefe biyu 2 × 1 = 2 kowace. Jimilla 2 × (6 + 3 + 2) = 22. Dunƙulen sama fuska shida ne, kowace murabba'in mita 1, wato 6. Mai gaggawa zai ce 22 + 6 = 28 ya ajiye biro.

To amma duba inda suka haɗu. Gindin dunƙulen sama ya ɓuya, murabba'in mita 1 ke nan. Wurin da ya zauna a kan dakalin shi ma ya ɓuya, wani murabba'in mita 1. Fuska biyu ne suka manne da juna, ba ɗaya ba. Saboda haka 28 − 2 = 26. Wanda ya ɗebe sau ɗaya ya samu 27 ya yi rabin tunani, kuma irin wannan amsar na fi gani a takardun yara: sun san akwai abin ɗebewa, sun manta mahaɗa baki biyu gare ta.

Akwai wata dabara da nake so ƙwarai. Ka ɗauka kai tsuntsu ne kana kallon dakalin daga sama. Me za ka gani? Fili mai 3 × 2, cif. Kan dunƙulen ya maye gurbin wurin da ya rufe. Ke nan ɗora shi bai ƙara komai a fuskar sama ba, bangonsa huɗu kaɗai ya kawo. Sai ka ce 22 + 4 = 26. Hanya biyu, amsa ɗaya. Duk lokacin da ka sami sarari, bi hanya biyun, ɗaya ta zama shaidar ɗaya.

In kuma dakalin a ƙasa yake zaune, ana so a yi masa fenti, gindinsa mai 6 ba ya cikin lissafi, saura 20. Wannan ba ƙa'ida ce ke gaya maka ba, karanta tambayar da kyau ne, ko duban abin da idonka.

Dabarar tsuntsun nan tana aiki ko da abin da aka ɗora silinda ce. A ce ginshiƙi ne mai rabin faɗi santimita 7 da tsayi santimita 30, a kan katako mai 50 × 50 × 20. Katakon duka 2 × (2500 + 1000 + 1000) = 9000. Kan ginshiƙin ya biya da'irar da gindinsa ya rufe, don haka bangonsa kawai za ka ƙara: 2 × 22/7 × 7 × 30 = 1320. Jimilla murabba'in santimita 10,320.

Rumbun ƙarfe mai jinka

Yanzu mu zo ga wanda ake yawan tambaya. Rumbun hatsi ne na ƙarfe, faɗinsa daga baki zuwa baki mita 4.2, tsayin bangonsa mita 2, rufinsa kuma mai siffar jinka ne, tsayinsa a miƙe mita 2.8. Ana son sanin ƙarfen da ya ci gaba ɗaya, har da gindi.

Tarko na farko yana cikin 4.2 ɗin nan. Faɗi ne cikakke, ƙa'idodinmu kuwa rabinsa suke so. Don haka r = 2.1. Rubuta wannan a saman takarda kafin komai.

Jera fuskokin. Gindin silinda: ana ƙirgawa, tunda an ce har da gindi. Bangon silinda: a fili. Murfin silinda: babu shi. Da'irar gindin jinka: ita ma babu, domin cikin rumbu a buɗe yake tun daga ƙasa har ƙololuwa. Jikin jinka: a fili. Fuska uku ke nan za mu lissafa cikin biyar.

Tarko na biyu shi ne 2.8. Tsayi ne a miƙe, kamar sandar da aka kafa a tsakiyar ɗaki ta tokare ƙololuwa. Ƙarfen rufi kuwa ba a miƙe yake tafiya ba, a gangare yake kwance. Sandar tsakiya da rabin faɗi da gangaren sun haɗa alwatika mai kusurwar digiri 90, kuma gangaren ne gefe mafi tsawo. Nan ƙa'idar Fitagoras ke shigowa: l² = r² + h². Wato 2.1 × 2.1 = 4.41, sai 2.8 × 2.8 = 7.84, a tara a samu 12.25. Wace lamba ce in an ninka ta da kanta za ta ba da 12.25? Ita ce 3.5. To l = 3.5.

Ka riƙa duba wannan: tsayin gangare dole ya fi tsayin miƙe, ya kuma fi rabin faɗi. In ka samu ƙasa da ɗayansu, koma baya, alama ce ka yi ɗebewa a inda ya kamata ka tara.

Gindi: 22/7 × 2.1 × 2.1 = 13.86.
Bango: 2 × 22/7 × 2.1 × 2 = 26.4.
Rufi: 22/7 × 2.1 × 3.5 = 23.1.

Jimilla murabba'in mita 63.36. In fentin waje kaɗai ake nufi, rumbun na zaune a kan siminti, 26.4 + 23.1 = 49.5.

Duba irin ɓarnar da kuskure ke yi a nan. Wanda ya sa 2.8 a madadin 3.5 zai samu rufi 18.48, ƙarfensa ya gaza da fiye da murabba'in mita huɗu da rabi. Wanda kuma ya bi ƙa'idar kowace siffa gaba ɗaya ya ƙirga da'irori biyun da babu su, ya ƙara 27.72 a banza, kusan rabin aikin. Ɗaya ya rasa kaya ana tsakiyar aiki, ɗaya ya sayi abin da ba ya buƙata.

Wata rana na kai wa wani dattijo mai walda irin wannan lissafi a kan wani ƙaramin tanki da muke so ya ƙera wa makaranta. Ya karɓi takardar, ya ɗora tabarau, ya bi ta da yatsa mai baƙin ƙarfe har ƙasa. Sai ya ce, "Malam, lissafinka ya fita, amma ina bakin da zan naɗe?" Na ce, "Baba, wane baki?" Ya ɗauko guntun falle biyu ya ɗora gefen ɗaya a kan ɗaya kamar faɗin yatsa biyu, ya ce, "Nan. In ban hau da wannan kan wannan ba, me zan kama?" Tun daga ranar nake gaya wa ɗalibai cewa lissafi yana ba ka filin da ido zai gani in an gama, mai sana'a kuma yana ƙara na haɗi da na yanka a kai. Haka jinkar ɗakin gargajiya: bakinta yana zarce bango domin ruwan sama ya zuba nesa da gini, saboda haka r ɗinta ya fi na bango, sai ka auna kowanne daban.

Ɗaki mai rufin kwano

Ga gida mai tsawon mita 10, faɗin mita 8, bango mita 3. Rufin mai gangare biyu ne, ƙololuwarsa ta ɗaga mita 3 sama da kan bango.

Bango huɗu: 2 × (10 × 3) + 2 × (8 × 3) = 60 + 48 = 108. Akwai kuma alwatika biyu, ɗaya a kowane ƙarshen gini, inda bulo ke hawa ya cike tsakanin kan bango da kwano. Mutane kan manta da su. Kowace ½ × 8 × 3 = 12, biyun 24. A nan tsayin miƙe ake amfani da shi, domin alwatikar a tsaye take. Rufin kuwa gangare yake so: rabin faɗi 4, tsayi 3, sai 16 + 9 = 25, gangare mita 5. Fuska biyu, kowace 10 × 5, wato 100. Filin jikin ginin daga waje 108 + 24 + 100 = 232.

Ka ga lamba 3 ɗin nan ta yi aiki kai tsaye a alwatika, amma a rufi sai da ta bi ta hannun Fitagoras. Tambayi kanka kullum: fuskar nan a tsaye take ko a kwance a gangare?

A aikin gaske ba wanda zai tara bango da kwano wuri ɗaya, don kuɗinsu daban, ma'aikatansu daban. Mai fenti 132 ɗin bango ya dame shi. Cire ƙofa mai 1 × 2, da taga huɗu masu 1.2 × 1.2, wato 2 + 5.76, saura 124.24. Shafi biyu za a yi, ya zama 248.48. Sai ka karanta jikin bokitin fentin ka ga murabba'in mita nawa lita ɗaya ke shafewa. A ce an rubuta 10, kana buƙatar kusan lita 25, ke nan babban bokiti mai lita 20 da galan biyu masu lita huɗu-huɗu sun wadatar. Sabon filasta yana shan fenti fiye da tsohon bango, ɗan rarar nan ba za ta yi asara ba.

In rufin mai gangare huɗu ne da suka haɗu a ƙololuwa ɗaya, irin siffar dalar gyaɗa ta Kano, to fuskokinsa alwatika huɗu ne. Ga ɗakin mai gadi mai mita 6 ta kowane gefe, tsayin rufi mita 4. Gangaren da kake so shi ne wanda ya sauko daga ƙololuwa zuwa tsakiyar gefe: 3² + 4² = 25, mita 5. Fili 4 × ½ × 6 × 5 = 60. Dala gangare biyu gare ta, a kula. Wanda ya bi ta kusurwa ya fi tsawo, a nan kusan mita 5.83 ne, kuma ba shi ne tsayin alwatikar ba.

Kubba

Masallaci ne mai mita 10 ta kowane gefe, tsayi mita 6, rufinsa dakin ne, wato na kankare, shimfiɗaɗɗe, a tsakiya an ɗora kubba mai siffar rabin ƙwallo, rabin faɗinta mita 3.5.

Bango 4 × 10 × 6 = 240. Rufin 100 ne, amma kubbar ta zauna a kan da'ira mai 22/7 × 3.5 × 3.5 = 38.5, saura 61.5 a fili. Bayan kubbar 2 × 22/7 × 3.5 × 3.5 = 77. Jimilla 240 + 61.5 + 77 = 378.5.

Wannan shi ne misalin fuskar da wani sashenta kawai ya ɓuya. Ba za ka jefar da rufin duka ba, ba kuma za ka ƙirga shi duka ba.

Tsaya ka kalli 38.5 da 77. Bayan kubba ninki biyu ne cif na da'irar da ta rufe, komai girmanta. In ka kifa ƙwarya mai siffar rabin ƙwallo a kan faifai daidai bakinta, bayan ƙwaryar faifai biyu ne. Arkimidas, masanin nan na birnin Sirakus a tsibirin Sisili, wanda ya rasu a shekara ta 212 kafin haihuwar Annabi Isa, shi ya tabbatar da cewa filin ƙwallo ya yi daidai da da'irarta ta tsakiya sau huɗu, ya kuma yi daidai da bangon silindar da za ta rungume ta tsam. Shi ne ma ya nuna cewa π ta gaza 22/7 da ɗan kaɗan, ta kuma ɗara 223/71. Duk sanda na zo wannan wuri a aji nakan ɗan dakata, domin abin mamaki ne a ce fuska mai lanƙwasa ta kowane ɓangare tana da awo mai tsafta haka.

Inda aka huda ko aka yanke

Har yanzu ɗorawa muke yi. Sauran rabin darasin shi ne inda aka cire wani abu, kuma nan hankali kan yaudari mutum. An rage abu, sai zuciya ta ce fili ma ya ragu. Sau da yawa ƙaruwa yake yi.

Ɗauki dunƙulen katako mai santimita 14 ta kowane gefe. Filinsa 6 × 14 × 14 = 1176. Aka huda shi daga sama har ƙasa, rami mai rabin faɗi 3.5. Me ya tafi? Da'ira biyu, ta sama da ta ƙasa, 38.5 kowace, wato 77. Me ya zo? Bangon cikin ramin, wanda dā babu shi, yanzu kuwa buroshi zai iya shiga ya shafe shi: 2 × 22/7 × 3.5 × 14 = 308. Sabon fili 1176 − 77 + 308 = 1407. Katakon ya rage nauyi, filinsa ya ƙaru da 231. Dalilin da ya sa mai girki ke yayyanka nama ƙanana in tana so ya yi saurin nuna ke nan, kowane yanka yana buɗe sabbin fuskoki biyu ga wuta.

In ramin bai fita ta ɗaya gefen ba, kamar turmi, kuma gindinsa a shimfiɗe yake, dabarar tsuntsu ta dawo. Da'irar da ta ɓace a sama tana nan a gindin ramin, ta sauka ne kawai. Ba ka ɗebe komai ba, bangon ramin kaɗai za ka ƙara.

Ga wata da nake jarraba ɗalibai da ita. An yanke ƙaramin dunƙule daga kusurwar babban dunƙule, kamar an gutsiri sabulu a kusurwa daidai wa daida. Fili ya ƙaru ko ya ragu? Bai motsa ba. Fuska uku sun tafi, fuska uku masu girma ɗaya sun bayyana a ciki. Yanka sabulun wanki ka gani da idonka.

Zoben rijiya na siminti, ko bututun kwalbati, yana da fuska huɗu: bangon waje, bangon ciki, da baki biyu masu siffar awarwaro. A ce rabin faɗin waje santimita 49, na ciki 42, tsayi 60. Waje 2 × 22/7 × 49 × 60 = 18,480. Ciki 2 × 22/7 × 42 × 60 = 15,840. Baki ɗaya babbar da'ira ce a ɗebe ƙarama: 22/7 × (2401 − 1764) = 2002, biyun 4004. Jimilla murabba'in santimita 38,324. Kada ka ɗebe 42 daga 49 sannan ka ninka 7 da kanta, wannan zai ba ka 154 maimakon 2002. Ninka kowace da kanta tukuna, sannan ka ɗebe.

In za ka mayar da amsar zuwa mita, raba da 10,000, ba da 100 ba. Mita ɗaya santimita 100 ce, amma murabba'in mita 100 × 100 ne. Zoben nan murabba'in mita 3.83 ne. Wanda ya raba da 100 zai samu 383, ya fi filin masallacin da muka lissafa ɗazu. Shi ya sa yake da kyau ka ɗaga kai daga takarda ka tambayi kanka ko amsar ta yi kama da abin da ke gabanka.

Bokiti

Bokiti mazurari ne da aka datse wa tsini. Filin bangonsa π × (R + r) × l, inda R rabin faɗin baki ne, r na gindi. Gangarensa kuma daga bambancin R da r ake samo shi. Bokiti mai R = 14, r = 7, tsayi 24: bambanci 7, sai 49 + 576 = 625, l = 25. Bango 22/7 × 21 × 25 = 1650, gindi 154, baki a buɗe. Ƙarfen da ya ci murabba'in santimita 1804.

Game da π: in tambaya ta ce ka ɗauki 22/7 ko 3.142, bi abin da ta ce. In ana so, za ka iya barin π har ƙarshe, ka tara sauran lambobin sannan ka ninka sau ɗaya, hakan yana rage kuskure. Kada kuma ka riƙa datse lambobin bayan ɗigo a tsakiyar aiki, bari sai amsar ƙarshe. A jarrabawa rubuta kowace fuska da sunanta a layinta, domin mai duba takarda yana ba da maki a kan matakai, ko da lambar ƙarshe ta kauce.

Gwada wannan da kanka

Tankin gas ne a kwance, irin wanda ake gani a wurin sayar da gas ɗin girki: silinda a tsakiya, rabin ƙwallo a kowane ƙarshe. Tsawonsa daga wannan ƙarshe zuwa wancan mita 4.4, faɗinsa mita 1.4. Nawa ne filin da za a yi wa fenti? Rufe sauran bayanin da hannu ka yi naka tukuna.

Rabin faɗi 0.7. Tsawon 4.4 ɗin ya haɗa da kawunan biyu, kowane kai kuma ya turo waje da 0.7, don haka silindar kanta 4.4 − 1.4 = mita 3 ce. Bangonta 2 × 22/7 × 0.7 × 3 = 13.2. Kawunan biyu in an haɗa su ƙwallo ɗaya ce: 4 × 22/7 × 0.7 × 0.7 = 6.16. Babu da'ira ko ɗaya a fili, duk huɗun suna mahaɗa. Amsa murabba'in mita 19.36. In ka samu 25.52, ka sa 4.4 a matsayin tsawon silinda ne, sai ka koma zanenka ka raba tsawon nan kashi uku: 0.7, da 3, da 0.7.